Amsa ga 'yar'uwar da addu'a ta yi wa nauyi

'Yar'uwa, kin ce tun da maigidanki ya rasa aikinsa kuka bar Sabon Gari zuwa wata unguwa mai nisa da majami'arku, addu'a ta yi miki nauyi, har kina tambaya ko bangaskiyarki ta mutu. A ganina ba ta mutu ba, gajiya ce ta kama ki.

Ki duba 1 Sarakuna sura 19. Da annabi Iliya ya gudu jeji ya roƙi Allah ya ɗauki ransa, mala'ika bai tsawata masa ba, sai ya tashe shi daga barci ya ba shi waina da ruwa har sau biyu, kafin ya yi tafiyar kwana 40 zuwa Dutsen Horeb. Saboda haka ki ci abinci, ki yi barci, kuma idan kalmomi sun ƙi zuwa, ki karanta Zabura 42 da murya, domin wanda ya rera ta shi ma yana kewar Haikali ne.

Abin da ya fi damuna shi ne kaɗaicinki. Ko kuɗin adaidaita sahu ya gagara ranar Lahadi, ki sanar da shugabar zumuntar mata halin da kuke ciki, ki roƙa su kawo miki ziyara gida.