Shin in mayar da ɗana nazare alhali korona ta dawo?

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Ni uwa ce a Kano, ina da yaro ɗan shekara huɗu da rabi a nazare. Tun da aka rufe makarantu a watan Maris na 2020 bai sake taka aji ba, domin ko da aka buɗe a watan Oktoba tsoro ya sa muka riƙe shi a gida. Yanzu an ce a koma ranar 18 ga Janairu, 2021, ga shi kuma kullum muna jin masu kamuwa suna ƙaruwa. Maigidana yana ganin a mayar da shi, ni kuwa hankalina bai kwanta ba, saboda yaron ba ya barin takunkumi a fuskarsa ko na minti biyar, kuma muna zaune gida ɗaya da Hajiya, mahaifiyar maigidana, wadda take fama da ciwon suga da hawan jini. Mene ne shawararka?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Malama. Allah ya raya mana yaron, ya ƙara wa Hajiya lafiya da nisan kwana. Shawarata ita ce a mayar da shi, amma sai bayan kin je da ƙafarki kin ga ajin da zai zauna, kuma kun zauna da maigida kun tsara yadda za a kare Hajiya, domin a gidanku ita ce wadda cutar nan ta fi yi wa barazana nesa ba kusa ba.

Bayan kusan shekara guda ana fama da korona, abin da likitoci suka gani a ƙasashe daban-daban ya zo ɗaya: ƙananan yara suna kamuwa, amma mafi yawansu ko dai ba sa nuna wata alama, ko kuma abin ya tsaya a ɗan zazzaɓi da mura na kwanaki kaɗan. Akwai wata matsala da aka fara lura da ita a Ingila a watan Afrilun 2020, inda makonni biyu zuwa shida bayan kamuwa sai jikin yaro ya rikice da zazzaɓi mai naci, da jan ido, da ƙuraje, da ciwon ciki ko gudawa, wani lokaci har ta taɓa zuciya. Ba kasafai take faruwa ba, amma duk uwar da ta ga waɗannan alamu tare ta garzaya da yaro asibiti ba tare da jiran gari ya waye ba.

A ɗaya ɓangaren kuma, zaman gida ma yana da nasa farashin, kuma na lura iyaye ba su cika lissafa shi ba saboda ba a karanto shi a labarai. Yaronki ya yi wata goma ba ya aji, wato kusan kashi ɗaya cikin biyar na duk rayuwarsa ke nan. Ɗan sakandare zai iya bin darasin rediyo ko talabijin irin wanda jihohinmu suka riƙa sakawa lokacin kulle, ya ɗauki wani abu. Ɗan shekara huɗu kuwa karatunsa a hannu da baki da ƙafa yake: riƙon fensir, jiran layi, raba kayan wasa da wani, sauraron babba wanda ba mahaifiyarsa ba, faɗin yana jin fitsari kafin ya kufce masa, da jin sababbin kalmomi daga bakin tsararsa. Babu akwatin rediyon da zai koyar da waɗannan. Kuma mu faɗa wa juna gaskiya, yawancin yaran da aka hana makaranta ba a killace suke ba. Suna ƙofar gida da yaran maƙwabta, suna bin iyaye gidan biki da suna, inda cunkoson ya fi na aji kuma babu mai lura da wanke hannu.

Wannan lissafi ne ya sa wasu ƙasashe suka fara buɗewa da ƙanana. Denmak ta mayar da yaran reno da na ƙananan azuzuwan firamare ranar 15 ga Afrilu, 2020, Norwe ta bi sahu da gidajen renon yara ranar 20 ga watan, kuma a Denmak adadin waɗanda ake kwantarwa a asibiti ya ci gaba da raguwa bayan buɗewar. Ko a watan Janairun 2021, da Ingila ta sake rufe firamare da sakandare saboda sabon nau'in cutar mai saurin yaɗuwa, ta bar makarantun renon yara a buɗe. A nan gida an bi ta wata hanya: masu rubuta jarrabawar kammala sakandare aka fara mayarwa a watan Agusta, kuma a Legas 'yan nazare ne na ƙarshen komawa, a watan Oktoba. Sai dai kada a ɗauki labarin Denmak a matsayin lasisi. Sun buɗe ne a lokacin da cutar take ja da baya, sun raba yara ƙananan rukunoni waɗanda ba sa cuɗanya da juna, sun fitar da darussa da yawa waje, kuma suna da ruwan famfo a kowace makaranta. Abin da za mu ɗauka a wurinsu shi ne tsarin, mu duba wanne ne zai yiwu a wurinmu.

Game da takunkumi, ki kwantar da hankalinki. A watan Agustan 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya tare da UNICEF sun ba da shawarar kada a tilasta wa yaro ɗan shekara biyar zuwa ƙasa sanya shi, domin ba zai iya sawa da cirewa yadda ya kamata ba. Zai tauna shi, ya jiƙe da yawu da majina, ya faɗi ƙasa ya ɗauka ya mayar, ko ya yi musaya da abokinsa. Idan makarantar ta wajabta shi, a bi dokarta, a ba shi na yadi mai laushi daidai fuskarsa guda biyu a rana, a wanke kullum, amma kada a dake shi ko a kore shi don ya cire. Waɗanda takunkumi ya zama dole a kansu su ne malamai, da masu reno, da mai gadi, da direba, kuma ya rufe hanci da baki, ba a rataye a haɓa ba. Haka nan batun ba da tazarar mita ɗaya: duk wanda ya taɓa tsayawa a ajin nazare ya san yara ba za su kiyaye ta ba, shi ya sa abin dogaro shi ne a raba su rukuni-rukuni, kowane rukuni da malamarsa, kada su haɗu da wasu azuzuwa a taron safe ko lokacin tara.

Abin da nake so ki fi zuba wa ido idan kin je shi ne iska. Cutar nan ta fi yaɗuwa a rufaffen ɗaki mai cunkoso inda mutane suka daɗe suna shaƙar numfashin juna, kuma muna tsakiyar hunturu, lokacin da malama mai tausayi takan rufe tagogi ruf don kada sanyi da ƙura su kama yara. Niyyarta mai kyau ce, amma a wannan shekara rufe tagar ya fi sanyin haɗari. Ki duba ko ajin yana da tagogi a bango biyu masu fuskantar juna, ko suna buɗuwa, ko kuwa an toshe su da allo da kwali. Fanka a ɗakin da aka rufe ba ta kawo sabuwar iska, tsohuwar take juyawa. Ki ƙirga yaran da tabarmi ko kujerun da ke ciki, domin na sha shiga ajin da aka gina don yara ashirin na tarar da fiye da ninkinsu. Idan haka ne, ki tambayi shugabar makarantar ko za a raba su, wasu da safe wasu da hantsi, ko wasu yau wasu gobe. Maganin sanyi kuwa rigar sanyi ce da hula da safa, kuma da zarar rana ta ɗaga babu abin da zai hana a shimfiɗa tabarma a rumfa ko a inuwar darbejiya a yi waƙa da ƙirga a can. Mu da muka tashi muna karatun allo a zaure da tsakar gida bai kamata karatu a fili ya zama mana baƙon abu ba, kuma ba ya cin ko sisi.

Daga nan sai ruwa da sabulu. Bokiti mai famfo a ƙofar aji ya wadatar, muddin akwai ruwa a ciki har a tashi, ba na nuna wa masu duba makarantu kaɗai ba. A wanke hannu da isowa, da kafin cin abinci, da bayan bayan-gida, babba yana tsaye. Kada a tara yara a kwano ɗaya na wanke hannu, kuma kowane yaro ya zo da gorar ruwansa. Sinadarin goge hannu ya zauna a wurin malama, domin akwai barasa mai ƙarfi a cikinsa kuma yaro zai iya sha ko ya shafa a ido. Na'urar auna zafi da ake nuna wa yara a goshi a bakin ƙofa ba ta da laifi, sai dai ba ta gano wanda ya kamu bai yi zazzaɓi ba, saboda haka kada ganinta ya sa ki ɗauka an gama komai.

Tambayar da za ta nuna miki gaskiyar makarantar ita ce: me ake yi idan yaro ko malama suka wayi gari da zazzaɓi ko tari? A wannan yanayi mura ta cika gari, ga zazzaɓin cizon sauro, kuma ba a iya bambance su da korona da ido. Ƙa'idar ita ce mai zazzaɓi ko sabon tari ya zauna a gida, a gwada shi a asibiti, kuma kada iyaye su ɗura wa yaro farasitamol da asuba su tura shi don kada kuɗin makaranta ya tafi a banza. Ki tambaya kuma ko ana yanke wa malama albashi idan ta kwanta ciwo, domin malamar da ke tsoron a yanke mata za ta zo aiki da tarinta ta ɓoye, kuma a makaranta manya sun fi yara hatsarin kamuwa da tsanani. Idan aka tabbatar wani ya kamu, ƙa'idar a farkon 2021 ita ce rukuninsa su zauna a gida kwana 14, a sanar da hukumar lafiya ta jiha ko hukumar yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa ta ƙasa, wato NCDC.

Yanzu sai Hajiya. Yawan shekaru da ciwon suga da hawan jini suna cikin manyan abubuwan da ke sa korona ta yi tsanani, kuma har zuwa watan Janairun 2021 allurar rigakafin ba ta iso Najeriya ba. Na san ba ƙaramin abu ba ne a ce wa kaka ta rage rungumar jikanta, wanda wataƙila a ɗakinta yake kwana, a kwanonta yake cin tuwo. Wannan magana maigida ne ya fi dacewa ya kai mata, cikin ladabi, a nuna mata na ɗan lokaci ne kuma don ita ake yi. Yaro idan ya dawo ya wanke hannu da fuska, a canza masa kaya kafin ya je gaishe ta. Hirarsu ta koma tsakar gida maimakon cikin ɗaka. Ya daina kwana a wurinta. Ranar da ya tashi da mura kuwa ya gaishe ta daga bakin ƙofa har ya warke. Kada ita ce mai kai shi ko ɗauko shi, musamman a a-daidaita-sahu mai cike da mutane. Ta ci gaba da shan magungunanta ba fashi, a riƙa auna suga da jininta. Ku tuna kuma cewa maigida da ke zuwa kasuwa ko ofis, da baƙin da ke shigowa gaisuwa, da tarukan biki da ta'aziyya, duk ƙofofi ne da cutar za ta iya shigo mata ta cikinsu, saboda haka riƙe yaro a gida alhali waɗannan suna buɗe ba zai kare ta ba.

Akwai yanayin da zan ce a dakata. Idan yaron yana da sikila, ko ciwon zuciya, ko asma mai yawan tashi, ko tamowa, sai likitansa ya duba shi tukuna. Idan kuma kin tarar da aji maƙil babu taga babu ruwa, kuma shugabar ba ta da niyyar gyarawa, ki haɗa kai da sauran iyaye ku matsa, in ya gagara ki nemi wata makarantar. Kafin ranar komawa ki duba katin rigakafinsa, domin yara da yawa sun tsallake allurai lokacin kulle, kuma ƙyanda ta fi korona haɗari ga ɗan shekara huɗu.

Ki sa ran zai yi kuka a kwanakin farko, ko ya maƙale miki a bakin ƙofa, ko ma ya koma fitsarin kwance, domin wata goma a wurinsa zamani ne mai tsawo kuma fuskar malamarsa a rufe zai gan ta. Ki fara mayar da shi kan lokacin barci da tashi tun yanzu, ki gaya masa dalilin da ya sa malama ta rufe baki, ki roƙe ta ta tsaya daga nesa a fili ta buɗe fuska ya gane ta a ranar farko. Idan bayan mako biyu ko uku kukan bai lafa ba, ko ya daina cin abinci ko magana, ki kawo shi a duba shi.