Tambayi Likita: An cire wa Baba mafitsara, yanzu cikinsa ke murɗawa

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Bara aka cire wa mahaifinmu mafitsara saboda ciwon daji, aka sa masa jakar fitsari a gefen dama na cikinsa. Ya ji sauƙi har yana leƙa gonar shinkafa. Kwanan nan in ya ci tuwo sai ciki ya murɗa masa, ya kumbura, wani lokaci har da amai, can kuma ya lafa. Gwaggonmu ta ce basir ne, tana ba shi jiƙo da kanwa. Mu ci gaba? Daga 'yarsa a Yawuri.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yata, Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Ku ba Gwaggo haƙuri, a ajiye jiƙon nan.

A irin aikin da aka yi masa, akan yanki ƙaramin hanji kamar santimita 15, a haɗa shi da bututun da ke sauko da fitsari daga ƙoda, a fito da bakinsa ta fatar ciki. Sau da yawa akan kwashe kaluluwar ƙugu ma. Wannan yakan bar 'yan kafofi a ciki, a bayan bututun ko ƙarƙashin jijiyoyin ƙugu. Hanji kuwa kullum motsi yake, sai wani lanƙwasonsa ya zura cikin kafar ya maƙale, kamar akuyar da ta cusa kai a shinge. Ƙaba ce ta can ciki, ba a ganinta daga waje, kuma tana iya tasowa bayan watanni ko shekaru. Mannewar hanji saboda tabon tiyata ta fi ta yawa, amma alamominsu ɗaya ne.

Lafawar da yake yi ita ta fi damuna, don mai yiwuwa hanjin na shiga yana fita. Ranar da ya kasa fita, jini zai daina isa wurin, cikin 'yan sa'o'i hanjin ya fara mutuwa.

Ku kai shi wurin likitocin da suka yi masa aiki cikin makon nan, a yi masa hoton CT, wato hoton da ke nuna kayan ciki dalla-dalla. Idan kuwa kuka ga koren amai, ciki ya yi tauri, ba bayan gida ba tusa, ko fitsarin jakar ya ragu, kada ku jira gari ya waye. Kada a ba shi ko ruwa, ku nufi asibitin koyarwa na Birnin Kebbi ko na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato da takardun tiyatarsa. Za a sa masa ƙarin ruwa ta jijiya, a zura masa tiyo ta hanci, in ta kama a buɗe cikin a zaro hanjin a rufe kafar.