Wane Jirgi Marar Matuƙi Ya Dace Da Mai Koyo?

Wani mai karatu ya rubuto yana cewa: "Ina sha'awar sayen ƙaramin jirgi marar matuƙi mai kyamara domin nishaɗi, amma ban taɓa tuƙa irinsa ba. Na ga masu arha da aka rubuta 4K a jikin kwalinsu. Shin in fara da su har hannuna ya faɗa, ko in daure in tara kuɗin mai inganci?"

Malam, shawarata ita ce ka daure, domin jirgin da ya fi arha shi ne ya fi wuyar tuƙi. Yawancin irin waɗannan ba su da GPS, wato na'urar da ke karɓar saƙon tauraron ɗan'adam ta sanar da jirgi inda yake, saboda haka da zarar ka saki rimot sai iska ta ja shi duk inda ta ga dama. Mai GPS kuwa yakan tsaya cak a sararin sama har ka gama tunani, kuma idan sadarwa ta yanke ko batir ya yi ƙasa, yakan koma wurin da ya tashi da kansa. Mai koyo ya fi ƙwararre buƙatar wannan.

Batun 4K kuma, wato ma'aunin yawan ɗigon da ke cikin hoton bidiyo, kada rubutun kwali ya ruɗe ka. Abin da ke sa bidiyo ya fito sumul shi ne mariƙin kyamara mai motsi da ake kira gimbal, wanda ƙananan injuna ke daidaita shi ta fuskoki uku, ta yadda ko jirgin ya karkata kyamarar ba za ta bi shi ba. Bidiyon 2.7K da aka ɗauka a kan irin wannan mariƙi ya fi 4K mai karkarwa nesa ba kusa ba, balle ma wasu masu arhar faɗaɗa hoton kawai suke yi su laƙaba masa sunan. Jerin Mini na kamfanin DJI na ƙasar Sin ya haɗa waɗannan abubuwa biyu, wato GPS da gimbal, a jirgin da bai kai giram 250 ba, shi ya sa masu farawa da dama suke dosarsa, ko da yake akwai wasu kamfanonin da ke yin makamancinsa.

Abin da na fi so ka yi wa tanadi shi ne batir. Idan an ce jirgi yana yin minti 30 a sama, a yanayi marar iska aka auna, kuma kai dole ka sauko da sauran caji a ajiye, don haka ka sa ran abin da bai wuce minti 20 zuwa 25 ba. Batir ɗaya yakan ƙare daidai lokacin da hannu ya fara sabawa. Gara ka sayi matsakaicin jirgi da batura uku da farfela ta canji, da ka zuba kuɗinka duka a babba mai batir ɗaya. Idan kuma za ka jima ba ka tashe shi ba, ka ajiye baturan da kimanin rabin caji a wuri mai sanyi. Ranar da akwai iska, ka fara tunkarar ta yayin fita, domin ta taimaka maka a hanyar dawowa lokacin da batir ya raunana.

Wata mai karatu kuma ta tambaya ko jirgin da bai kai giram 250 ba yana buƙatar rajista.

Malama, wannan ya danganta da ƙasa. A Amurka mai tuƙin nishaɗi ba ya yi wa irin wannan jirgi rajista, amma a Tarayyar Turai mai shi yana yin rajista matuƙar akwai kyamara a jiki kuma ba na wasan yara ba ne. Ƙasashe da yawa sun ƙayyade tsayi a mita 120, sun kuma hana kusantar filin jirgin sama da shawagi a kan taron jama'a. Ki tuntuɓi hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasarki tun kafin ki biya kuɗi, domin akwai ƙasashen da shigo da jirgin ma sai da izini.