An yi mini tallan bindiga ta hannu, in saya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Kurna, ina da 'yan shanu a wani ƙauye. Wani ya yi mini tallan gajerar bindiga da aka taɓa amfani da ita, wai mai ɗura wa kanta harsashi ce, kuma da araha. Yaya take aiki, kuma zan iya saye don tsaron dabbobina?

Amsa: Wa'alaikumus salam. Malam, na fahimci damuwarka, amma don Allah kada ka saya.

Irin wannan bindiga harsashi ɗaya take saki duk lokacin da aka ja kunama. Ƙarfin harbin ne ke tofar da kwanson, ya ɗora wani harsashin daga gidansa, shi ya sa ba ta buƙatar ɗuri kamar adakar maharba. Gajartar bututunta na sa ta sauƙin ɗauka, sai dai ƙararta ta fi yawa, harsashin kuma ba ya kai gudun na doguwa.

Nan gida doka ce kan gaba. Dokar Bindigogi ta 1959 ta kasa su uku. Adaka lasisinta na hannun Kwamishinan 'yan sanda, wato hedikwatarsu ta Bompai a nan Kano. Bindigar farauta sai Sufeto Janar na 'yan sanda. Bindigar soja kuwa, irin mai harsashi mai faɗin milimita 7.62, sai da izinin Shugaban Ƙasa, kuma wanda aka kama da ita hukuncinsa ba ya kasa shekara 10. A watan Agustan 2023 ma muƙaddashin Sufeto Janar na lokacin, Kayode Egbetokun, ya sanar da dakatar da bayar da sabon lasisi. Ciniki tsakaninka da wani a bayan fage ba tare da lasisi ba laifi ne, sana'ar sayar da bindiga kuwa dillali mai rajista kaɗai doka ta yarje wa.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne tarihinta. Bindigar kamfani tana zuwa da lamba a jikinta. In ka ga wurin ya yi fari, an goge shi da magagari, to akwai abin da ake ɓoyewa. Wataƙila an yi fashi da ita, ko an ƙwace ta daga hannun jami'i, kuma ranar da aka same ta a ƙarƙashin katifarka kai za a tambaya. Ga tsatsa a cikin bututu, ga ƙarafan da suka cinye, tana iya tashi da kanta a gidan da yara ke wasa.

Ka je wa dagacin ƙauyen da DPO na yankin kan maganar shanun, ku haɗa da 'yan sintiri da aka sani. Mai tallan kuma ka sanar da 'yan sanda.