Tambaya da Amsa: Sabuwar Anemonin Darduma a Tankin Ruwan Gishiri

Assalamu alaikum Malam. Kwana uku ke nan da aka kawo mini anemonin darduma daga Legas, koriya, faɗinta ya kai na faranti. Tankina lita 300 ne, wata goma da haɗa shi. Na ɗora ta a kan dutse ta sauko ƙasa. Da rana takan kumbura, da yamma sai ta saki kamar balan-balan da aka huda, bakinta a ɗan buɗe. Mutuwa za ta yi? Daga wani mai karatu a Mabera, Sakkwato.

Wa'alaikumus salam. Anemoni dabbar teku ce mai kama da fure, mai laushin jiki, da baki a tsakiya, geza kewaye da shi, da ƙafa ɗaya a ƙasa da take mannewa da ita. Saukowar da taka ta yi daga kan dutse ta nuna ko wace iri ce. Wadda aka fi kawowa kasuwa ita ce Stichodactyla haddoni, mai gajeriyar geza cunkus kamar gashin darduma, kuma a tekun Indiya da na Fasifik cikin yashi take zama. Tana binne ƙafarta har ta kama wani abu mai tauri a ƙasa, idan ta firgita sai ta shige ciki. Saboda haka ka yi mata rami a yashin tankin, kusa da gindin dutse, zurfin santimita 8 zuwa 10, har ka tarar da gilashin ƙasa. Ka kashe famfunan da ke kaɗa ruwa kamar awa ɗaya, ka sa safar hannu ta roba, ka ajiye ƙafar a ramin ka ƙyale ta. Idan kuwa ta riga ta manne a wani wuri, kada ka ja ta. Ƙafar da ta yage ita ce ƙofar ciwo, kuma da wuya ta warke. Yashin ma na teku ake so, irin na aragonayit. Wanda ake ɗebowa a bakin gulbin Rima na gini ne.

Batun saki da kumbura, sau ɗaya a rana a makon farko ba abin tayar da hankali ba ne. Jikinta kusan duk ruwa ne, tana fitar da ruwan ledar da ta zo a ciki tana ɗaukar na tankinka. Baki guda kawai take da shi, ta nan take ci, ta nan take fitar da kashi, don haka idan ka ga wani zare mai ruwan ƙasa yana fitowa, bayan gida take yi.

Abu uku za ka riƙa dubawa. Ƙafa ta kama gam? Baki yana komawa ya tsuke bayan awa ɗaya ko biyu? Idan ka taɓa gezar da ɗan yankin jatan lande, tana manne masa? Haddoni mai lafiya danƙonta har tsoro yake ba mutum. Idan duka ukun sun tabbata, ka tsame hannunka daga tankin, ka rage hasken fitila zuwa rabi, ka riƙa ƙarawa a hankali cikin mako biyu.

Inda ake shiga uku shi ne ta riƙa saki sau biyu ko uku a rana, kowane saki ya fi na baya daɗewa, baki ya wangale har kayan ciki suna leƙowa, danƙo ya tafi. Wannan yawanci ƙwayar cuta ce da ta kama ta a hanya, a cikin ruwan leda da ya gurɓace. Masu kiwon irinta sukan ware ta a ƙaramin tanki mai lita 38, da fitila da ɗan famfo, su narka maganin kashe ƙwayoyin cuta siprofuloksasin miligiram 250 a ciki kowane dare bayan an kashe fitila, domin haske yana lalata maganin, washegari su sauya ruwan gaba ɗaya da sabo mai gishiri da ɗumi iri ɗaya. Kwana 7 ake yi cur ko da ta nuna sauƙi a na uku. Ba a zuba wannan magani a babban tanki, domin zai kashe ƙwayoyin da ke tace maka ruwa.

Malam, ga bazara ta ƙarato, ga ɗauke wuta. Ya zan yi da zafin ruwa? Daga Runjin Sambo.

Ɗan'uwa, wannan tambaya ya kamata a yi ta tun kafin a biya kuɗin anemonin. Ruwanta digiri 25 zuwa 27 yake so, a tsaye. A Sakkwato kuwa Afrilu da Mayu zafi kan wuce digiri 40, kuma tankin da ke ɗaki marar na'urar sanyaya iska zai haura 30 kafin la'asar. A jikin anemoni akwai wata ƙanƙanuwar gansakuka da ke sarrafa haske ta ba ta mafi yawan abincinta. Idan ruwa ya daɗe a sama da 29 ko 30 sai ta amayar da gansakukar, ta koɗe ta yi fari.

Wanda ke da hali ya sayi na'urar sanyaya ruwan tanki. Wanda ba shi da shi, ƙaramar fanka da ke hura saman ruwa takan sauke digiri 2 zuwa 3, kuma a busasshiyar iskarmu ta fi aiki fiye da a Legas. Sai dai tana shanye ruwa. Ruwa ne ke tashi, gishiri yana nan, don haka ka ja layi a jikin gilashi, kullum ka cika zuwa layin da ruwan da injin tacewa na RO ya tace, marar gishiri. Ma'aunin gishirinka ya riƙa nuna 1.025 zuwa 1.026. Ruwan burtsatse kai tsaye ko na leda kada ka kuskura. Robar ƙanƙara a rufe ta ranar gaggawa ce kawai, domin hawa da saukar zafi ma yana wahalar da ita.

Idan aka ɗauke wuta, fitila za ta iya jira kwana biyu, amma motsin ruwa ba zai jira ba: ruwa mai ɗumi iskar shaƙarsa kaɗan ce, cikin 'yan awanni kifaye za su fara haki a sama. Famfon kaɗa ruwa ɗaya shi za ka fara jonawa a inbata ko sola, ka kuma ajiye famfon iska mai batir. Kowane famfo ka rufe bakinsa da raga, domin anemonin da ba ta ji daɗin wuri ba da dare take yawo, kuma famfo niƙe ta yake yi. Da hunturu lamarin juyawa yake: hita da dare, da murfin raga saboda ƙura.

Malam, tawa fara ce sol, mai sayarwa ya ce irinta ke nan. Me zan ba ta ta ci? Daga wata mai karatu a Arkilla.

Hajiya, babu anemonin darduma da farin sol ne launinta na asali. Koɗewa ta yi, kuma yanzu abincin hannunki kaɗai ta dogara da shi. Ki bari ta kama wuri tukuna, kwana 5 zuwa 7. Daga nan ki ba ta ɗanyen jatan lande ko kifin teku marar gishiri da mai, yanka bai wuce girman ƙwayar wake ba, sau biyu ko uku a mako, ki ajiye shi kusa da baki da dogon hantsaki. Babban yanka cikin dare take amayar da shi ya ruɓe. Idan kika ga launin ƙasa-ƙasa ya fara dawowa bayan wasu makonni, sauƙi ne ya samu. Sai ki koma sau ɗaya a mako. Kada ki tace ruwan har naitiret, sinadarin da ƙazantar kifi ke komawa a ƙarshe, ya koma sifiri, ki bar shi tsakanin 2 da 10 a ma'aunin gwajin ruwa, gansakukar tana bukatarsa.

Kifin kilawun ɗina ya ƙi shiga cikinta, kuma wani ƙaramin kifi ya ɓace. Daga Gawon Nama.

Wanda ya ɓace, ita ta cinye shi. Kifayen da ke kwanciya a kan yashi su ta fi kamawa, galibi cikin duhu, shi ya sa ake barin 'yar fitila mai rauni da dare. Shi kuwa kilawun, ƙaramin kifin da ke fakewa cikin gezar anemoni, kowane iri da anemoninsa: haddoni a teku da irin su Amphiprion polymnus da clarkii take zama. Ocellaris mai ruwan lemo da aka fi sayarwa yakan ƙi ta, wani lokaci ma ya zama abincinta. Kada ka tura shi ciki da raga.

Ta yaya zan san ta mutu? Daga Kofar Marke.

Hanci ne zai gaya maka. Ka ɗaga ta da leda a hannu: idan nama yana zagwanyewa, ga wari mai tayar da zuciya, ta tafi. Ka kashe famfuna nan take don kada su watsa ta, ka kwashe ta da roba, ka zuƙe guntayen da yashin wurin da tiyo. Ka sauya kashi 30 zuwa 50 cikin 100 na ruwan, ka sa sabon gawayin tacewa, sannan ka auna amoniya, gubar da ruɓewa ke saki a ruwa, safe da yamma har kwana 3. Idan ta ɗaga sama da sifiri, ka sake sauya wani kashi 25.