Kafin ka zargi bindigarka

Wani ɗan'uwanmu na Marwa ya ce bindigarsa mai sakata, irin wadda ake ja da hannu bayan kowane harbi, tana watsa harsashi a mita 100, wani sama wani gefe, ko ya sayi sabon madubin saiti? Ƙanena, riƙe kuɗinka tukuna.

Na daɗe ina rakiyar masu lasin farauta a dazuzzukan kewayen Binuwai da Faro a arewacin Kamaru, inda baƙo ba ya shiga daji sai ya gwada bindigarsa a allo. Mai sakata ba ta cika yin ƙarya ba. Sakatar tana danne harsashi gam, babu ƙarfen da ke komawa baya lokacin harbi. Tsarin sakata na kamfanin Mauser na Jamus, na shekarar 1898, har yau a kansa ake ƙera da yawa, kuma mai lafiya tana iya tara harbi cikin santimita 3 zuwa 5 a nisan mita 100.

Fara da sukurori: na madubin, da waɗanda suka haɗa ƙarfe da katako. Katakon bindiga yana kumbura da damina, hunturu ya busar da shi, kamar ƙofar ɗaki. In ya motsa, saiti ya motsa.

Sai zafi, wanda shi ne babbar matsalarmu a nan. A watan Maris da Afrilu, da rana ta take, kawalwalniya ke rawa tsakaninka da allo, ɗigon da kake gani a madubi ba a nan yake ba. Bututun ma siriri ne a bindigar farauta, harbi kaɗan ya ɗau zafi, harsashi ya fara yawo. Ka je da sanyin safiya, ka ɗora ta a buhun yashi, ka harba uku, ka buɗe sakata ka bar ta ta huce a inuwa. Kada ka taɓa saiti bayan kowane harbi, tsakiyar ukun za ka bi. Harsasan kuma su zama kamfani ɗaya, nauyi ɗaya.

Abin da maza ba sa son ji: sau da yawa mai harbin ne. Babbar bindiga irin .375 tana shuri, jiki sai ya koyi zabura kafin kunama ta saki. Ka juya baya abokinka ya shirya maka ita, bakinta na fuskantar allo, wani lokaci da harsashi, wani lokaci wayam. In ka ja a wayam bakin ya nutsa ƙasa, to ka kama ɓarawonka.

In duk wannan bai gyara ba, duba leɓen bututun. Masu zura sandar wanki ta baki suna cinye shi. A cire sakata a wanke ta baya. In ya riga ya ci, sai dai mai gyaran bindiga.