Hukuncin Ƙaga Labarin Soyayya a Kan Abbasa da Ja'afaru Barmaki

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni marubuciya ce, ina sakin littattafaina shafi-shafi a WhatsApp. Yanzu na fara wani a kan fadar Haruna Rashid ta Bagadaza, jigonsa soyayyar 'yar'uwarsa Abbasa da waziri Ja'afaru Barmaki. Zan ƙirƙiri hirarrakinsu da haɗuwarsu a ɓoye, har da zaman shan giya a fada. Wata ƙawata ta ce naman matattu nake ci. Na ce mata ai labarin yana cikin tarihin Ɗabari, kuma zan rubuta a shafin farko cewa ƙagagge ne. Ina matsayina?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malama, Allah ya yi miki albarka da kika tambaya tun littafin bai yi nisa ba.

Ƙaga labari a karan kansa ba haramun ba ne, matuƙar mai karatu ya san ƙage ne. Ƙaryar da shari'a ta hana ita ce wadda ake faɗa don a gaskata ta. Mun taso muna karanta Maƙamatul Hariri a zaure gaban malamai, kowa ya san Abu Zaidi, gwarzon labaran littafin, ba wani taƙamaiman mutum ake ba da tarihinsa ba, kuma ba wanda ya kira Hariri maƙaryaci. A nan ba ki da matsala.

Matsalar ita ce Abbasa ba irin Abu Zaidi ba ce. Mace ce Musulma da ta rayu ta rasu, 'yar Halifa Mahdi. Haruna ma haka, ya yi mulki daga shekara ta 170 zuwa 193 bayan Hijira. Mutuwa ba ta zubar da mutuncin Musulmi. Buhari ya ruwaito daga Nana A'isha cewa Manzon Allah (SAW) ya ce kada a zagi matattu, domin sun riga sun isa ga abin da suka gabatar. A hadisin Muslim kuma, da aka tambaye shi game da giba, ya ce idan abin da ka faɗa yana tare da mutumin ka yi gibarsa, idan kuwa ba ya tare da shi ka yi masa ƙazafi. To mai rai yana iya zuwa ya kare kansa, ko a je a nemi gafararsa. Wadda take kabari sama da shekara dubu fa, ina za ki same ta ki ce ta yafe miki?

Maganarki cewa labarin yana cikin Ɗabari gaskiya ce. Abin da aka ruwaito shi ne Haruna ba ya son zama ba tare da Abbasa da Ja'afaru ba, sai ya ɗaura musu aure don zama wuri ɗaya ya halatta, da sharaɗin Ja'afaru ba zai kusance ta ba. Suka saɓa sharaɗin, ta haihu, aka kai yaron Makka aka ɓoye, asiri ya tonu, Haruna ya sa aka sare Ja'afaru. Ki lura, ko a wannan ruwayar akwai igiyar aure a tsakaninsu. Idan kika cire auren kika mayar da abin neman banza don labari ya ƙara armashi, kin faɗa cikin jifan mace kamila da zina, wanda Suratun Nur ta yanka wa bulala tamanin, kuma Manzon Allah ya lissafa shi cikin abubuwa bakwai masu halakarwa.

Sannan kasancewar magana cikin littafin tarihi ba ya mayar da ita tabbatacciya. Ɗabari ya rasu a 310, sama da shekara ɗari da ashirin bayan kisan Ja'afaru a 187, kuma shi da kansa ya faɗa a gabatarwar littafinsa cewa yana kawo abin da aka ruwaito masa ne, wanda ya ga abin ƙi ya ɗora wa masu ruwayar. Ibnu Haldun, malamin tarihi, ya zo ya sa wannan ƙissa cikin misalan tatsuniyoyin da suka kutsa cikin tarihi. Ɗaya daga cikin hujjojinsa ita ce girman nasabar Abbasa, wadda ta fito daga zuriyar Abdullahi ɗan Abbas. Ni wannan hujjar ba ta gamsar da ni sosai ba, don nasaba ba ta hana ɗan Adam zamewa. Wadda ta fi ƙarfi ita ce ta biyu: faɗuwar Barmakawa, wato gidan su Ja'afaru, tana da dalili a fili, ba ta bukatar labarin soyayya. Shekara goma sha bakwai Yahya ɗan Halid da 'ya'yansa Fadlu da Ja'afaru suna riƙe da daula. Baitulmali a hannunsu, muƙamai a hannun mutanensu, mawaƙa sun koma ƙofar gidansu, har Ibnu Haldun ya ce Haruna kan nemi 'yan kuɗi kaɗan ya rasa. Ga kuma batun sakin Yahya ɗan Abdullahi, Ba'alawiyen (wato ɗan zuriyar Sayyidina Ali) da aka damƙa wa Ja'afaru tsaronsa. Wane sarki ne zai ga haka ya yi barci?

Game da rubuta “ƙagagge ne” a shafin farko, yana da amfani, amma ba ya wanke komai. Shafin farko sau ɗaya ake karanta shi, shafi na arba'in kuwa shi ake turawa daga wannan zaure zuwa wancan ba tare da gargaɗin ba. Na taɓa ambaton Haruna a wajen karatu, cewa yakan yi hajji shekara guda, ya fita yaƙi shekara guda. Wani ɗalibi, yaro mai ƙoƙari kuwa, ya ɗaga hannu ya ce, “Malam, ba shi ne mashayin nan mai kuyangi ba?” Na ce a ina ka karanta? Ya sunkuyar da kai yana murza bakin hularsa, can ya ce a hikayoyin Dare Dubu da Ɗaya. Ya san hikaya ce, amma hoton ya riga ya zauna masa. Abin da Ibnu Haldun ya tabbatar shi ne Haruna yana shan tsimin dabino, wanda malaman Iraƙi na lokacin suka yi fatawar halaccinsa. Zana shi da kofin giya a hannu jingina masa kabira ce ba da hujja ba.

Kada ki fahimce ni cewa sai kin mai da shi waliyyi. Abin da ya tabbata na tarihi, rubuta shi ba giba ba ne, da haka ne da malaman tarihi duk sun halaka. Ya tabbata an kashe Ja'afaru dare ɗaya kusa da Anbar bayan dawowa daga hajji. Ya tabbata Yahya, tsohon da Haruna yake kira Baba, ya mutu a kurkuku a 190, Fadlu ya bi shi a 193. Ki rubuta wannan da duk ɗacinsa. Sa musu magana a baki, irin gaisuwa, shawarar fada ko fargabar dare, wadda ba ta jingina musu zunubi ko aƙidar da ba a san su da ita ba, ina ganin akwai sauƙi a ciki, tare da gargaɗin nan naki. Wannan sauƙin bai shafi Annabawa ba ko kaɗan, kuma ki nisanci yin haka da Sahabbai da iyalan gidan Manzon Allah.

Soyayyar kuwa, ki ɗora ta a kan mutanen da kika ƙirƙira: wata jakadiya a sashen Zubaida matar Haruna, wani magatakarda a diwanin Barmakawa wanda gari ya waye ya tarar an ƙwace gidan ubangidansa. Su ba su da kabari, ba su da haƙƙi a kanki, sai dai ki kiyaye batsa kamar a kowane rubutu. Idan dole ne ƙissar Abbasa ta shigo, ta shigo a matsayin jita-jitar da ake raɗawa a kasuwar Bagadaza, a samu wanda zai musanta ta a cikin labarin.

Shafukan da kika riga kika saki, in akwai zaman giya ko haɗuwar ɓoye a cikinsu, ki janye su, ki sanar da masu karatunki dalili a zauren da kika sake su, ki yi istigfari, ki kuma roƙa wa waɗanda kika ambata gafara. Allah ne mafi sani.